Amsoshin Tambayoyinku: Zaɓen kansiloli a birnin Gilasgo

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani malamin makaranta a Maraɗi. Yana cewa: "Na ji an ce jam'iyyar SNP ce ta zo ta ɗaya a zaɓen ƙaramar hukumar Gilasgo da ke Sikotlan, amma kuma ba ta da rinjaye. Yaya za a ci zaɓe a rasa rinjaye?"

To Malam, tambaya ta yi ma'ana. Majalisar birnin Gilasgo, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 32 na Sikotlan, tana da kujeru 85. Duk jam'iyyar da ke son yin gaban kanta sai ta samu 43. A zaɓen ranar 5 ga Mayun 2022, SNP mai fafutukar ɓallewar Sikotlan daga Birtaniya ta samu 37, Labour ta samu 36, jam'iyyar masu rajin kare muhalli 10, ta Conservative kuma 2 kacal. Kujera guda ce tsakanin na ɗaya da na biyu. Shi ya sa SNP ta ƙulla yarjejeniyar aiki da masu kare muhalli, Susan Aitken ta SNP ta ci gaba da shugabancin majalisar. Ita ce ta karɓi ragamar a 2017, lokacin da Labour ta rasa birnin da take riƙe da shi tun 1980.

Sirrin yana cikin yadda ake jefa ƙuri'a. Tun 2007, mai zaɓe yana rubuta lamba ne a gaban sunayen 'yan takara: 1 ga wanda ya fi kwanta masa a rai, 2 ga mai bi masa, haka har inda ya ga dama. Kowace mazaɓa a Gilasgo tana fitar da kansila uku ko huɗu. Inda kujeru huɗu ne, ɗan takara na bukatar ɗan abin da ya haura kashi ɗaya cikin biyar na ƙuri'un. Idan gwaninka ya faɗi, ƙuri'arka ba ta tafi a banza ba, sai a mayar da ita ga zaɓinka na biyu. Ni kam wannan tsari yana burge ni, domin ƙaramar jam'iyya ma tana samun bakin magana, kuma wanda ke son mulki dole ya zauna da abokin hamayyarsa a tattauna kan makarantu, kwashe shara da kula da tsofaffi.

Sai wata baiwar Allah 'yar Nijar da ke zaune a Gilasgo, tana tambaya ko tana da damar yin zaɓen. Ƙwarai kuwa, Hajiya. Wata dokar Sikotlan ta 2020 ta ba baƙi masu takardar izinin zama, har da waɗanda aka ba mafaka, damar zaɓen kansiloli, kuma daga shekara 16 ake farawa. Ki tabbata kin yi rajista kafin zaɓe na gaba a watan Mayun 2027.