Amsoshin Tambayoyinku: Son da ake yi wa taurarin fim ɗin Indiya

Jama'a, barkanmu da warhaka. Wasiƙu sun yi tsibi, agogo kuma ba ya jiran kowa. Tare da ni yau akwai Baba, wanda ya daɗe yana haska fina-finan Indiya a silima a Kano.

Wani saurayi daga Gusau ya ce, shin Shah Rukh Khan Musulmi ne? Musulmi ne, an haife shi a Delhi ranar 2 ga Nuwamban 1965. Wata kuma daga Maraɗi adireshinsa take so. Sunan gidan Mannat, a unguwar Bandra ta Mumbai. Amma 'yar uwa, adana kuɗin jirginki, bakin ƙofa za ki ƙare.

To, ga wadda ta fi yawa, daga Zariya, Damagaram har Kumasi: wai da gaske Indiyawa bauta wa 'yan fim suke yi? Wata uwa ma ta ce 'yarta ta lulluɓe bangon ɗaki da hotunan jarumi ɗaya, in aka kushe shi sai ta ƙi cin abinci. Baba, bismillah.

"Ai ɗana, yaran yanzu ba su ga komai ba. Rajesh Khanna fa! Daga 1969 zuwa 1971 fim goma sha biyar ya jera, kowanne ya ci kasuwa. 'Yan mata su rubuta masa wasiƙa da jininsu, wasu su ɗaura aure da hotonsa, motarsa kuwa duk shaidar jan-baki. Mu nan ma, ranar sabon fim, sai ka ga layi ya kai titi, ga masu gyaɗa da rake, ga 'yan sayar da tikitin bayan fage. Sunaye ma muka raɗa musu, Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi..."

Baba, kada mu ƙare a wajen masu rake. Bauta aka tambaya.

"Yauwa. A 1982 Amitabh Bachchan yana ɗaukar fim ɗin Coolie a Bangalore, a wurin faɗa ya bugu da gefen tebur, ya ji mummunan ciwo a ciki. Aka kwantar da shi a asibitin Breach Candy na Mumbai, rai a hannun Allah. Masallatai, coci-coci, wuraren ibadar Hindu, ko'ina addu'a ake yi. Firaminista Indira Gandhi da kanta ta je dubiya."

Madalla. Bari in ƙarasa, in kuma maimaita don a ji da kyau. E, akwai waɗanda suka kai abin ga bauta: a Kolkata masoya Amitabh sun keɓe masa ɗakin ibada da gunkinsa a ciki. Amma ba duk Indiyawa ba ne, na sake faɗa, ba duka ba ne. Yawanci so ne mai zafi. Duk ranar Lahadi in yana gari, mutane kan yi dafifi a ƙofar gidansa, Jalsa, ya fito ya ɗaga musu hannu, su watse da murna.

Inda ni abin ke ba ni tsoro shi ne in son ya rufe ido. A 2017 Shah Rukh ya bi jirgin ƙasa yana tallar fim ɗin Raees, turmutsutsun da aka yi a tashar Vadodara har mutum ɗaya ya rasu. A 2023 wasu samari biyu daga jihar Gujarat suka haura gidansa, suka ɓuya sa'o'i suna jiran ganinsa. A hannun 'yan sanda suka ƙare. Shi kansa ya yi fim kan irin wannan masoyin a 2016, mai suna Fan.

Hajiya, ke mai 'ya, ni a ganina kada ki yage hotunan, rigima za ki ƙara. Zauna ku kalli fim ɗaya tare, ki ji abin da take so a ciki. Ke kuma 'yata, in kina jina, tashi ki ci tuwonki. Mutumin nan bai san da zamanki ba, kuma na tabbata ya ci nasa.

Saura minti ɗaya. Mai tambaya daga Garwa kan shekarar da fim ɗin Dilwale Dulhania Le Jayenge ya fito: e, na 1995 ne, silimar Maratha Mandir ta Mumbai ta shafe shekaru fiye da 25 tana haska shi. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa. Baba, mun gode, a gaida gida.