Hotunan Yokohama na zamanin Meiji: yadda ake gane na asali da shekarunsa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga Jimbocho, unguwar masu sayar da tsofaffin littattafai a Tokyo. Ku duba wannan hoton da ke kan tebur. Mace ce a cikin keken da mutum ke ja, wanda suke kira jinrikisha, mai jan keken kuma ya sa faffadar malfa. Irin wannan hoto na zamanin Meiji, lokacin mulkin Sarki Meiji na Japan daga 1868 zuwa 1912, sunansa Yokohama shashin, wato hoton Yokohama, kuma launin da kuke gani da hannu aka shafa shi.

An buɗe tashar jiragen ruwa ta Yokohama ga baƙi a 1859. A 1862 Shimooka Renjo ya buɗe ɗakin hoto a can, Ueno Hikoma ya buɗe nasa a Nagasaki. Wani Bature mai ɗaukar hoto, Felice Beato, ya iso a 1863, shi ne ya yaɗa shafa wa hoto launi, yaronsa Kusakabe Kimbei kuma ya buɗe shagon kansa a 1881. Masu sayen galibi Turawa ne 'yan yawon buɗe ido masu neman tsaraba. Ku riƙe wannan a zuciya, zai yi mana amfani an jima.

Bari mu fara da takardar. Da farin ƙwai ake yin ta. Lita ɗaya na cin ƙwai talatin da 'yan kai, ba a yarda ko ɗigon gwaiduwa ya faɗa ciki. A zuba gishiri kamar giram 15, a kaɗa har ya zama kumfa, a bar shi ya kwanta, a tace. Sai a shimfiɗa takarda mai sirantaka a saman ruwan na minti biyu zuwa uku, a rataye ta bushe. Bayan nan a sake shimfiɗa ta a kan ruwan sinadarin azurfa mai ƙarfin kashi 12 cikin ɗari, a ɗaki mai duhu. A haɗa ta fuska da fuska da nagatif na gilashi, a matse a firam, a kai rana. Babu ƙara girma a nan, girman gilashin shi ne girman hoton. Idan ya fito sai a tsoma shi a ruwan zinariya, wanda ke ba shi wannan launin makuba, sannan a ruwan haifo da ke wanke ragowar azurfar da rana ba ta ƙona ba, a ɗauraye sosai. Wanda ya yi ha'inci wajen ɗauraya, hotonsa ne yau ya koɗe ya koma ruwan ɗorawa. Farin ƙwan shi kansa yana rawaya da tsufa, don haka idan kuka ga hoton da ake cewa na 1880 ne amma fararen wurarensa tas kamar madara, ku ja da baya.

Ga madubin ƙara girma, bari in matso da kyamara. Kun ga ƙananan tsage-tsage kamar busasshen tafki? Farin ƙwai ne ya daddare. A ƙarƙashinsa kuma zaren takardar na bayyane. Da za ku ga ɗige-ɗige a jere, to bugun injin ɗab'i ne. Idan kuwa zane ne kamar sawun tsutsa, kolotaif ne, irin bugun da aka fi yi wa katunan gidan waya. Launin asali ma shara-shara yake, domin garin launi ne aka dama da ruwa da nikawa, wani manne da ake dafawa daga fata. Ku lura da yadda jan ya ɗan zarce bakin ɗamarar nan, hannun ɗan Adam ke nan.

Yanzu shekaru. Abin da ke cikin hoton shi ke tona shi. Jinrikisha ta ɓulla a Tokyo wajen 1870, saboda haka wannan namu bai riga wannan shekarar ba. Layin dogo daga Shimbashi da ke Tokyo zuwa Yokohama na 1872 ne. Dogon benen nan mai hawa 12 na unguwar Asakusa a Tokyo, Ryounkaku, an gina shi a 1890, girgizar ƙasa ta 1 ga Satumba 1923 ta karya shi, duk hoton da yake tsaye cikakke yana tsakanin waɗannan shekarun.

Inda aka fi yaudarar mai saye shi ne hoton samurai, mayaƙan Japan na da, irin wanda Turawan nan masu neman tsaraba ke so. A 1871 gwamnati ta ba da damar aske tukkun da samurai ke bari, wato chonmage, a 1876 ta hana yawo da takobi. Mutumin da kuka gani da sulke da takubba biyu a hoton da aka ɗauka bayan 1880, kusan kullum ɗan haya ne aka sa wa kaya. Haka 'yan matan da ke bacci, ko shan shayi, ko wanka. Ku duba bayansu, za ku tarar da Dutsen Fuji zane ne a labule, tabarma ɗaya da fitila ɗaya suna ta dawowa a hotuna daban-daban. Akwai na mace riƙe da laima cikin hadari: ruwan saman karce ne aka yi a jikin nagatif, rigar da iska ke kaɗawa kuwa waya ce ta ɗaga ta. Dalili? Ɗaukar hoto na cin daƙiƙoƙi, wanda ya motsa sai ya fito dishi-dishi.

A ganina rayuwar gaskiya tana gefen hoto. Ku bar wanda aka tsayar a tsakiya, ku kalli allon shago, da takalmin katako a bakin ƙofa, da guga a bakin rijiya, da inuwar yaron da ya gifta da ƙaninsa goye a baya. Waɗannan ba wanda ya biya su su tsaya.

Katin gidan waya ya fi sauƙin karantawa, kuma ya fi araha. Ku juya bayansa. An halatta wa 'yan kasuwa buga kati a 1900. Idan babu layin da ya raba bayan, kafin 1907 ne. Layi a kashi ɗaya cikin uku, 1907 zuwa 1918. Layi a tsakiya, daga 1918. A saman katin an rubuta yubin hakaki, wato katin gidan waya, daga 1933 aka ƙara ɗigo biyu a kan harafi ɗaya ya koma hagaki. Idan rubutun ya tashi daga hagu zuwa dama, to bayan 1945 ne.

Ajiya kuma, babban abokin gaba danshi ne, musamman daminarsu ta tsuyu a Yuni da Yuli, lokacin da funfuna ke cin komai. A nemi danshi kashi 30 zuwa 40, ɗaki mai sanyi, akwati mai duhu. Kada a rataye shi a bango, kada a sa shi a ledar PVC, kada a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, launin zai bi tsumman. Kada kuma a ɓamɓare shi daga kwalin da aka manna shi, takardar za ta nannaɗe kamar taba sigari. Wanda ba ya Japan, laburaren Jami'ar Nagasaki ya ɗora dubban irin waɗannan hotuna a intanet, ku buɗe ku gwada idonku. Bari in mayar wa mai shago wannan kundin, da hannu bibbiyu, ta ƙasan kwalin.