"Hausa harshen Cadi ne": me masu bincike suke nufi da wannan magana?

[Hoto: allon waya, yatsa na jan saƙonni har ya tsaya kan zanen bishiyar harsuna]

Assalamu alaikum jama'a. Wannan zanen da ke yawo a WhatsApp, wanda ya sa Hausa cikin "harsunan Cadi", ya raba kan mutane. Wasu sun ce ashe daga ƙasar Cadi Hausawa suka fito. Wasu sun ce ina, ai Hausa 'yar Larabci ce, ga littafi, ga alƙali, ga ashirin da talatin. Zanen bai yi ƙarya ba, karatun da ake yi masa ne ya kauce.

[Taswira: Tafkin Cadi, kamara na ja da baya]

Daga tafkin aka ɗauko sunan. Dangi ne na harsuna fiye da 150 a Nijeriya, Nijar, Kamaru da Cadi. Masanin harsuna Joseph Greenberg ya tabbatar da su dangi guda a littafinsa na 1963, wani masanin, Paul Newman, kuma ya kasa su rassa huɗu a 1977. Hausa tana reshen yamma. Mafa na Mokolo, Wandala na Mora, Giziga na kewayen Marwa da Kotoko na Kusiri, duk a arewacin Kamaru, suna reshen tsakiya. Masa na Yagwa da Bongor reshensu daban. Ngambay kuwa, da ake ji ko'ina a kudancin Cadi, ba ya cikin dangin sam. Haka Fulatancin da muke ciniki da shi kullum a kasuwar Marwa. Amma Giziga, wanda Bahaushe ba ya tsintar ko kalma ɗaya a cikinsa, ɗan gida ne.

To ta yaya aka sani?

[Hoto: harabar jami'a, ɗalibai kewaye da tebur, rikoda da kwamfuta]

Aikin ƙungiyoyin bincike ne. A jami'o'in da ke bin tsarin Faransa, irin su Marwa da aka buɗe a 2008, da Ngaundare, da Injamena, "labo", wato ɗakin gwaje-gwaje, ake kiran irin wannan ƙungiya, ko da yake babu kwalba ko sinadari a ɗakin. Babban malami ne ke jagoranci, ga ɗalibai masu neman digiri na biyu da na uku, ga kuma masu harshen, waɗanda in babu su babu aiki. Akwai kuma haɗakar Méga-Tchad, wadda tun 1984 take tara masu binciken yankin tafkin daga ƙasashe daban-daban.

Da jerin kalmomi ake farawa. Gajeren jeri kalma 100 ne ko 200, dogon jeri na harsunan Afirka yakan kai 1,700. Ana zaɓar abin da kowace al'umma ke da shi tun fil azal: ruwa, wuta, ido, kifi, ci, sha, mutuwa, ƙirga daga ɗaya zuwa biyar. Mai harshe ya faɗi kowace kalma sau uku, a ɗauki muryarsa, a rubuta ta da alamar karin sauti da tsayin wasali. Ku tuna da gari na zama da gari na tuwo: rubutu ɗaya, tsayin wasali ya raba su.

[Hoto: kwanduna uku a ƙasa, hannu na jefa katunan kalmomi]

Yanzu ga inda kowa ke tuntuɓe. In kalma biyu sun yi kama, dalili ɗaya ne cikin uku: gado, aro, ko katari.

Katari shi ne Hausa ta ce mutum, Suwahili ya ce mtu. Kunne ya ji kama, amma babu wani abu a bayanta. Harsunan duniya dubbai ne, sautukan bakin ɗan Adam kuwa ƙididdigaggu ne, dole wani lokaci a yi kiciɓis.

Aro kuwa kun san shi. Littafi daga al-kitab, labari daga al-khabar. Kasuwa ma asalinta suƙ ne na Larabci, amma sai da ta yada zango a Barebari ta zama kasugu kafin ta iso mana. Aro yana ba da labarin wanda kuka yi ciniki da shi, da wanda ya koya muku karatu. Ba ya ba da labarin kaka.

Gado ne abin nema, kuma ga abin da ya kamata a riƙe: gado sau da yawa ba ya kama da ɗan'uwansa. Abin da masu bincike ke bi shi ne bambanci mai maimaita kansa, sauti kaza a nan, sauti kaza a can, a kalma bayan kalma.

[Rubutu a allo, layi-layi, a hankali]

Ku duba. Hausa ta ce mai, man girki ko na shafawa. Bolanci na Fika a Nijeriya ya ce mor. Mofu, nan kusa da Marwa, ya ce mal. Mai, mor, mal. Kalma ɗaya ba hujja ba ce, mu ƙara. Hausa ta ce soya, Bolanci ya ce surru. Inda suke da r, mu muna da y. Sau biyu ke nan.

Sai kifi. Giziga ya ce kilif, Masa ya ce kuluf. Ina l ɗin nan ya shiga a Hausa? Ku faɗi kalmar a hankali: kii-fii. Wasalin farko dogo ne. Tsohuwar sigar kirfi ce, r ya koma y kamar yadda ya yi a mai da soya, sai y ɗin ya narke cikin i ya bar tsayi. Wato kullum muka je bakin Logon muka ce a ba mu kifi, sawun wannan r yana bakinmu ba mu sani ba. A ganina babu abin da ya fi wannan daɗi a duk fannin.

[Dakata. Hoto: masunta na jan koma a kogin Logon]

Wannan ita ce hujjar. Katari ba ya maimaita kansa bisa ƙa'ida. Aro kuma yakan zo da sautin mai shi, sabo fil, bai bi ta tsohon canjin ba.

In kuna shakkar cewa sauti na canjawa bisa ƙa'ida, ba sai kun bar Hausa ba. Talaka, amma talauci. Buzu, amma bugaje. Mutumin Kano ya ce zauna, aure, sauro, Basakkwace ya ce zamna, amre, sabro. Abdu ma ya zama Audu. Baƙi irin k, g, b ko m, in ya faɗo ƙarshen gaɓa, sai ya koma u. Wani Bajamushe, August Klingenheben, ya bayyana wannan tun wajen 1928, har yau da sunansa ake kiran ƙa'idar. Shi ne kuma ya rubuta babban nahawun Fulatancin Adamawa.

[Rubutu a allo, da sauri]

Wani lokaci gadon a fili yake. Huɗu, ko fuɗu: Mafa faɗ, Giziga mufaɗ, Wandala ufaɗe, Musgum puɗu, Masa fiɗi. Ku gwada da maƙwabcinku yau da yamma.

Larabci fa? Akwai zumunta, amma ta nesa ƙwarai. Harsunan Cadi da Larabci da Ibrananci da Abzinanci da tsohon harshen Masar duk babban gida ɗaya ne. Shaidar ba littafi da alƙali ba ne. Tana cikin mutu na Hausa da mata na Larabci, halshe da lisan, me da ma, da ta ɗin mace a "ta zo" da taktubu, wato "tana rubutawa". Larabci bai haifi Hausa ba, kakansu ne ɗaya, can baya da dubban shekaru. Kuma zumuntar harshe ba ta nuna inda kakannin kowane mai magana da shi suka taso, domin mutane na sauya harshe. Garuruwanmu cike suke da masu Hausa a baki waɗanda kakanninsu da wani harshe suka tashi.

[Hoto: ɗalibi da dattijo a gindin bishiya, rikoda a tsakani]

Abin da ke ɓata aikin nan a wurinmu sananne ne. Na farko, harshen tambaya. In ka yi tambaya da Fulatanci a ƙauyen Diyamare, ko da Larabcin Shuwa a Kusiri, mai amsa yakan maido maka da kalmar da ka ba shi, an ɗan lanƙwasa ta, ka rubuta aro a matsayin gado. Maganinsa hoto ko nuna abin da hannu, sannan a tambayi mutum uku aƙalla, har da tsohuwa wadda ba ta yi zaman birni ba.

Nunin ma yana da tarko. Ka ɗaga hannu kana neman "hannu", a ba ka "yatsa" ko "biyar". Faransanci ya raba tafin hannu da damtse da suna biyu, Hausa ta haɗa su a kalmar hannu, don haka jerin da aka tsara da Faransanci sai an bi shi da lura.

Sai ɗafe-ɗafe. In ka tambayi Bamase, wato mai jin Masa, sunan kifi, zai ce maka kulufna. Wannan na ɗin na ƙarshe ɗafi ne, ba ya cikin saiwar kalma. Wanda bai san nahawun harshen ba zai kwatanta abin da bai kamata ba. Shi ya sa ƙungiya mai hankali ba ta fara kwatance sai ta sami wanda ya zauna da harshen, kuma ɗalibin da ya sha shi a nono ya fi kowa amfani a teburin nan.

[Hoto: katin "biyu" a hannu, yana shawagi bisa kwandunan]

Ko jerin kalmomin asali ma yakan yi baƙo. Biyu da nama suna cikinsa, amma masana da yawa na ganin Hausa ta aro su tun da daɗewa daga maƙwabta na dangin Neja-Kongo, dangin su Fulatanci. Ku saurari nyama a harsunan kudancin Kamaru.

[Katin ya faɗa kwandon aro. Allo ya yi duhu]