Jirgin da ya sauka Kano na tarar cikin ƙanƙara

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da rawar muryata, sanyi ne. Safar hannun nan rubul 900 na saye ta, amma yatsuna sun sandare. Ina Monino, bayan garin Mosko, gidan tarihin jiragen yaƙi. Ku dubi bayana, MiG-17 ne. Wallahi ina hango shi tsigar jikina ta tashi, don irinsa ne suka sauka Kano a 1967, farkon yaƙin basasa, Misirawa na tuƙawa. Kakana, Allah ya jiƙansa, ya sha ba mu labarin ƙararsa, yana toshe kunnuwa da hannu bibbiyu. Yau ga jikansa tsaye a gindinsa.

Ashe sunan MiG ɗin ma na mutum biyu ne, Mikoyan da Gurevich. Harafin tsakiyar nan "da" yake nufi da Rashanci. A Disambar 1939 gwamnatin Stalin ta ba su ofishin zane nasu. Su zana, su gwada, sai a miƙa wa masana'antun gwamnati su ƙera dubbai. Mikoyan ɗan Armeniya ne, wansa Anastas kuma ƙusa ne a gwamnati.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wancan, MiG-15. A 1946 Ingila da kanta ta yarda ta sayar wa Tarayyar Soviet da injin jirgi na kamfanin Rolls-Royce. Suka kwance shi ƙusa-ƙusa, suka kwaikwaya, suka ɗora wa jirginsu. Shekara huɗu tsakani, ga shi a sararin Koriya yana farautar jiragen Amurka. Jama'a, makanikanmu na Kano ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, mai tsaya musu suka rasa. Abin nan yana ci mini rai.

MiG-21 kuwa fiye da 11,000 aka ƙera, mu ma mun saya a 1975. Wancan ƙaton, MiG-25, irinsa wani matuƙin jirgin Soviet, Belenko, ya gudu da shi Japan a 1976, aka buɗe aka ga yawancinsa baƙin ƙarfe ne, aka mayar musu da shi a akwatuna.

In za ka zo, ka bari sai rani, jiragen a fili suke. Fasfo kada ya bar aljihunka, kuma kada ka juya kyamara wajen soja. Ni bari in bi jirgin ƙasa in koma, akwai sauran kukar da Hajiya ta aiko mini.