Robar da ke tsince ƙarfe a cikin ruwa

Zainab: Masu sauraro, barkanmu da war haka. Yau Malam Bashir ya shigo mana da wasu 'yan ƙwayoyi a kwalba, sai ka ce ƙwan kifi. Malam, mene ne wannan?

Malam Bashir: Roba ce, Malama Zainab, dangin da masana ke kira folima. Ƙwaya ɗaya ba ta kai milimita guda ba, amma cikinta ramuka ne birjik kamar soso.

Aliyu: Rariya ke nan, tana tace ruwa.

Malam Bashir: A'a, Malam Aliyu. Dalma ko zaiba in ta narke a ruwa, rariya ba ta tare ta. Ramukan fili kawai suke bayarwa. Aikin na wasu sinadarai ne da ake dasawa a bangonsu, kamar ƙugiyoyi. Ƙarfen na zuwa wucewa sai su cafke shi.

Zainab: Yaya ƙugiyar ke gane wanda za ta kama?

Malam Bashir: Nan ne abin ya fi burge ni. Tun 1935 wasu masana biyu, Adams da Holmes, suka ƙera irin wannan roba a Ingila, amma ta farkon ba ta cika zaɓe ba, kusan duk wanda ya zo sai ta rungume. Shi kuwa ruwa cike yake da gishiri da alli, sun ninka gubar nesa ba kusa ba. Ku tuna, iyakar dalma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a ruwan sha maikirogiram 10 ce a lita, maikirogiram ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. In ƙugiyoyin suka cika da alli, ina dalma za ta samu wuri? Shi ya sa ake ƙera kowace ƙugiya da abokinta. Mai farar wuta zaiba take so. Mai wani sinadari da ake kira amidoksim kuwa, da ita masana a Jafan suka ciro yuraniyom daga ruwan teku.

Aliyu: Daga teku? Ikon Allah! To in ta cika fa?

Malam Bashir: Galibi sai a wanke ta da asid, ta saki ƙarfen, a mayar da ita bakin aiki.

Zainab: Amma Malam, gubar ai ba ta ɓace ba, ta koma cikin ruwan wankin.

Malam Bashir: Haka ne. Sai dai da tana warwatse a dubban lita, yanzu an tara ta a ɗan ruwa kaɗan. In tagulla ce a ciro ta a sake amfani da ita. In zaiba ce, a killace ta inda ba za ta sake haɗuwa da ruwa ba.