Yadda alama ɗaya a kan ƙwayar gado ke rage girman jariri ko ƙara shi

Idan yaro ya gaza tsaransa tsawo, abin da ake fara zargi shi ne rashin abinci mai gina jiki, kuma sau da yawa zargin yana kan hanya. Amma akwai yaran da matsalarsu ta faro tun suna ciki.

Wani lokaci kuskuren yana cikin rubutun ƙwayar gadon ne kanta, wato umarnin gina jiki da yaro ke gada daga iyayensa. Nau'in wadancin da ya fi yawa, wanda likitoci ke kira akondrofilasiya, yana faruwa ne saboda sauyin harafi ɗaya a ƙwayar FGFR3, kamar yadda aka gano a 1994, kuma kimanin kashi 80 cikin 100 na masu shi iyayensu ba wadanni ba ne.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne a iske rubutun lafiya ƙalau, amma karatun ya sauya. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san cewa baƙaƙe iri ɗaya kan ba da kalma daban idan wasali ya canza. Haka jiki yake ɗora wata alamar sinadari mai suna metil a kan DNA, wato sinadarin da aka rubuta ƙwayoyin gado da shi, alamar da ke nuna ƙwayar da za ta yi aiki da wadda za ta yi shiru.

A kuromozom na 11, ɗaya daga cikin ƙunshin DNA da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, akwai ƙwayar IGF2 mai ingiza girman ɗan tayi. Jariri yana gadon kwafi biyu, amma na wajen uba ne ke aiki, na uwa a rufe yake. Idan alamar ta goge daga kwafin uba, sai shi ma ya yi shiru, a haifi jariri ɗan ƙarami, mai faffaɗan goshi da siririyar haɓa, wanda shayar da shi kan zama jan aiki. Wannan ita ce larurar da likita Henry Silver ya bayyana a 1953, likita Alexander Russell kuma a 1954, take ɗauke da sunayensu. Idan kuwa kwafin uwa ya buɗe, biyun suka yi aiki tare, sai a samu akasin haka, wato larurar Beckwith-Wiedemann: jariri ƙato mai babban harshe, wanda sukarin jininsa kan faɗi bayan haihuwa. Irin waɗannan yara ana yi musu hoton ciki duk bayan wata 3 a shekarunsu na farko, saboda haɗarin sankarar ƙoda.

Abincin uwa ma yana taɓa wannan alama. A hunturun 1944 zuwa 1945 yunwa ta addabi yammacin ƙasar Holan sakamakon Yaƙin Duniya na Biyu. Wani bincike da aka wallafa a 2008 ya duba mutanen da aka ɗauki cikinsu a waɗannan watanni, ya iske cewa, shekaru 60 bayan haka, metil ɗin da ke kan IGF2 ɗinsu bai kai na 'yan'uwansu uwa ɗaya uba ɗaya da yunwar ba ta shafa ba.