Hannatu da Anna, ashe suna ɗaya ne

To jama'a, gardamar da ake ta yi a kwament kan sunan Hannatu, wannan ya ce Larabci ne tsantsa, wancan ya ce na 'yan coci ne, ku ɗan tsaya ku ji.

Asalin sunan haruffa uku ne na Ibrananci, daga dama ake karanta su kamar ajami: het, nun, he. Hanna. Ma'anarsa tagomashi, alheri, wadda aka yi wa rahama. Wadda ta fara shahara da shi matar Elkana ce a cikin Baibul, ta jima ba haihuwa, kishiyarta Peninna na ta yi mata gori (kishi dai ba yau aka fara ba), ta je wurin ibada a garin Shilo ta yi ta kuka tana roƙon Allah har malamin wurin ya zaci a buge take, daga baya ta haifi Sama'ila (wato Samuel, ba Annabi Isma'ila ba).

Da sunan ya shiga Girkanci sai wannan "h" ta maƙogwaro ta faɗi don ba su da harafinta, ya koma Anna, daga nan Anne, Ana, Anita.

Yanzu ga inda ake ruɗewa, wato "tu" ɗin nan na ƙarshe. Ku duba rubutun Larabcin da kyau. Larabawa suna da harafin maƙogwaron, suka riƙe shi, amma ƙarshen sunan sai suka rufe shi da ta'un mace, ɗaurarriyar nan mai ɗigo biyu a ka. In ka tsaya a kanta sai ka ce Hanna, in ka yi mata wasali irin karatun zaure sai ta fito Hannatu. Mu kuma da wasalin muka ɗauko. Haka A'isha ta zama A'ishatu, Fatima ta zama Fadimatu, su dai Larabci ne tun asali, amma Saratu fa? Ita ma Ibrananci ce aka ɗaura mata wannan "tu" ɗin, don haka ganin "tu" kaɗai ba ya nuna asalin suna.

Sannan Alƙur'ani bai ambaci sunan ba, a Ali Imrana "matar Imrana" kawai aka ce, masu tafsiri irin su Ɗabari da Ibn Kasir ne suka kawo cewa mahaifiyar Nana Maryam sunanta Hanna. Wannan daban, uwar Sama'ila daban, kar ku haɗa su don Allah, ƙarnoni ne a tsakaninsu. Shi ya sa za ka ji Hannatu a Islamiyya a Kano, ka ji ta cikin mawaƙan coci a Jos, kuma ni a ganina babu wanda ya ari na wani.